Injin casa na mutum huɗu: wace rajista za mu yi?

Autan Alhaji: Assalamu alaikum mutanen zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a yi mani bayani da Hausa, don na je wurin wani ya yi ta zuba mani Turanci na fito ban ƙaru da komai ba. Mu huɗu ne za mu kafa injin casar shinkafa a bakin hanyar Daura. Ni na kawo fili, biyu sun kawo kuɗi, na huɗun shi ya san aikin inji amma ba shi da ko sisi sai hannunshi. To ɗaya daga cikin masu kuɗin ya ce kada mu wahalar da kanmu, tunda muna da ƙungiyar ci gaban unguwa mai rajista, wadda muke gyaran rijiyar burtsatse da katangar maƙabarta da ita, mu sa injin ƙarƙashinta kawai. Wai ƙungiya ba ta biyan haraji, kuma ta fi saurin samun tallafi. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Abin da ya sa nake ɗar-ɗar, mahaifinmu ya fi shekara talatin da rumfar yadi a babbar kasuwa shi da amininshi, babu takarda ko guda. Duk lissafinsu yana cikin wani littafi mai koren bango da yake rubutawa da ajami, ya ɗaure da roba ya sa ƙarƙashin buzu. Da ya rasu, kafin sadakar arba'in an fara ja-in-ja a kan wane dila ne na wa. Littafin da aka buɗe, rabinshi "an ba wane" ne, babu kwanan wata, babu shaida. Yau gidajen nan biyu ko gaisuwar Sallah ba a yi. Ba na son mu bar wa ɗiyanmu irin wannan.

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji. Auta ka yi hankali da ka tambaya tun kafin a zuba bulo.

Barista: Amin. Auta, fara da cire maganar ƙungiyar unguwa daga ranka. Irin wannan ƙungiya, da masallatai da gidauniyoyi, rajistar amintattu suke yi a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Doka ta ce dukiyarta da kuɗin shigarta ba a raba su ga mambobi, sai dai a kashe su a kan manufar da aka kafa ta. Ko rushe ta aka yi, abin da ya rage wata ƙungiya mai irin aikinta ake miƙa wa. Ma'ana, ranar da kuka sa injin da sunanta, filinka ya zama na unguwa. Kai ba ka da riba, magadanka ba su da gado. Batun haraji ma abokinka rabi ya ji. Sassaucin na aikin jinƙai ne, ribar da aka samo ta hanyar ciniki ba ta cikin yafiyar.

Abin da ke gabanku biyu ne. Ko ku yi rajistar sunan kasuwanci a matsayin abokan haɗin gwiwa, ko ku buɗe kamfani irin wanda ake liƙa wa Ltd a ƙarshen suna. Na farkon ya fi araha da sauƙi, shi ne wanda masu shaguna ke yi, shi aka tilasta wa masu POS a 2024. Amma suna kawai aka yi wa rajista. A idon doka kai da sana'ar abu ɗaya ne. In aka ci bashin shanshera aka kasa biya, mai bashi na iya bin ka har gida, a sayar da motarka. Kuma bashin da abokinka ya ciwo da sunan sana'ar, kai ma yana wuyanka ko kana Makka lokacin da ya sa hannu. Sannan in ba ku rubuta akasin haka ba, mutuwar ɗaya tana warware haɗin gwiwar. Abin da ya faru da rumfar Alhaji ke nan.

Shi kuwa kamfani, doka ta ɗauke shi kamar mutum mai zaman kanshi. Yana mallakar fili da sunanshi, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kai shi ƙara. Kowannenku hannun jari yake da shi, in ya rasu hannun jarin ne ke shiga gado, inji ya ci gaba da juyawa.

Ɗan Daura: Barista ai na ji sai mutum biyu ko fiye ake buɗe kamfani, kuma sai da miliyoyi a banki.

Barista: Tsohuwar doka ce ta 1990 ta ce sai biyu. Dokar kamfanoni ta CAMA da marigayi Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020 ta yarda mutum ɗaya ya buɗe kamfaninshi shi kaɗai. Mafi ƙarancin hannun jarin ƙaramin kamfani naira 100,000 ne, kuma masu shi ba za su wuce 50 ba. Wanda ke sayar wa jama'a hannun jari, wato Plc kamar Dangote Cement ko BUA Cement, nashi ya fara daga miliyan 2. Dokar ta kuma kawo wani sabon nau'in haɗin gwiwa mai iyakance alhakin bashi, ya fi dacewa da lauyoyi da akantoci. Ban ga abin da zai kai su Auta can ba.

Akanta: Barista bari in zuba ɗan ruwan sanyi, don kada a ɗauka Ltd laya ce. Ranar da kuka je banki neman bashi, manaja ba zai kalli takardar kamfani ya yi murmushi ba, cewa zai yi daraktoci su tsaya da kansu, ko a kawo takardar gida. Da ka sa hannu, katangar da ke tsakanin bashin kamfani da aljihunka ta rushe. Na biyu, kamfani kamar doki ne, ko ba ka hau ba sai ka ba shi harawa: bayanan shekara-shekara ga CAC, lambar haraji, asusun banki daban da aljihunka. Mutanenmu da yawa sun yi rajista don neman kwangila ɗaya, suka jefa satifiket a durowa, bayan shekara biyar tara ta taru. Abin da ya fi kashe mu shi ne mai gida ya zura hannu a kuɗin ciniki ya yi cefane, ko ya biya sadakin ƙaninshi, ba a rubuta ba. Da wannan halin ko Plc ka buɗe sai ta durƙushe. Dokokin haraji kuma an sake su a 2025, kada ku yi aiki da labarin majalisar mai shayi.

Malam na Zaure: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ni abin da ya tsaya mani shi ne na huɗun nan da ba shi da kuɗi sai aiki. Wannan ba sabon abu ba ne, malaman fiƙihu sun daɗe da yi mashi babi, suna kiranshi ƙiradi, wasu su ce mudaraba. Dukiya daga wani, aiki daga wani, riba a raba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko, rabi ko sulusi ko rubu'i. Sharaɗin shi ne kaso za a ambata, ba adadi ba. Ba a cewa "kowane wata ka kawo mani dubu ɗari ko an ci riba ko ba a ci ba". In kuwa asara ta zo ba da sakacin mai aiki ba, mai dukiya ne ke ɗauka, shi mai aiki wahalarshi ce ta tafi a banza. Su fataken da suka riƙa bin hanyar Agadas da Gwanja da haka suka yi ta juya dukiyar mutane.

Sannan masu cewa rubutu rashin yarda ne, su je su duba aya ta 282 a Suratul Baƙara. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Autan Alhaji: Allah ya gafarta Malam, wallahi wannan maganar ce ake jifana da ita. Da na ce a rubuta, sai aka ce "yanzu Auta mu ne ba ka yarda da mu ba?"

Hajiya Uwar Adashi: Ku maza kun cika kunyar banza. Kunyar mara kunya asara ce. Ni ba wanda ya ambaci namu, to bari in faɗa. Mu mata 34 ne masu matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da adashi muka fara, yanzu ƙungiyar gama kai ce, kuma ba CAC muka je ba, a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiha muka yi rajista. Akwatinmu na ƙarfe kwaɗo uku ne a jiki, makullan suna hannun mata uku da ba unguwarsu ɗaya ba. Ranar zubi a tsakar gida ake buɗewa, a ƙirga a kan tabarma kowa na gani, yarinyar da ta gama sakandare ta rubuta, sannan a kai banki. Da kaka muke sayen gyaɗa a dunƙule lokacin tana araha mu ajiye. Wadda ta zuba dubu biyar da wadda ta zuba dubu hamsin, in an zo yanke shawara hannu ɗaya kowacce ke ɗagawa. Shekara bakwai ba mu taɓa zuwa gaban mai unguwa ba.

Malamin Sakandare: Hajiya wannan tsarin naku na mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, shi ne ainihin abin da ya raba gama kai da kamfani. A kamfani kuɗinka ne ke magana, mai kashi 60 ya rinjayi sauran ko su goma ne. Abin da muke koya wa yara, asalin gama kai na zamani daga garin Rocdel na Ingila ne a 1844, masaƙa da wasu ma'aikata 28 suka haɗa kuɗi suka buɗe shago. A Najeriya kuma dokar farko ta 1935 ce.

Hajiya Uwar Adashi: Malam su Ingila sun makara. Kakata da adashi ta yi wa 'ya'yanta tara kayan ɗaki.

Barista: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai su Auta ba su kai ba. Ƙungiyar gama kai ta matakin farko mutum 10 ake nema aƙalla. Kuma wanda ya zuba miliyoyi da wuya ya yarda ƙuri'arshi ta zo daidai da ta wanda bai zuba komai ba. Inda za ta yi masu amfani shi ne manoman da za su riƙa kawo masu shanshera. In suna da ƙungiya, da ita za a ƙulla ciniki, ba sai an bi mutum ɗai-ɗai ba.

Baba Mai Ritaya: Ni duk wannan hayaniyar tausayi take ba ni. A zamaninmu irin wannan aikin gwamnati ce ke yi. Yaro ya gama makaranta, aiki na jiranshi. Kamfanin mulmula ƙarafa na nan Katsina gwamnatin tarayya ce ta gina shi, tare da na Jos da na Oshogbo. Ku tambayi manya yadda garin nan yake in an tashi daga aiki, kekuna da babura kamar fari. Daga baya aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka sayar. Yanzu mutum huɗu na karo-karo don su sayi injin casa.

Ɗan Daura: Baba ranka ya daɗe, da girmanka, amma wa ya kashe su? Ba 'yan kasuwa ba ne. Lokacin NITEL, kamfanin wayar gwamnati, mutum nawa ke da waya a Daura in ka cire fada da ofisoshi? Da aka ba kamfanoni lasisi a 2001, yau mai tallan fura ma da waya take karɓar kuɗi. Jiragen Nigeria Airways fa, suna ina? Abin da kowa ke cewa "ai na gwamnati ne, ba na uban kowa ba", shi ya cinye su.

Baba Mai Ritaya: To ɗana, wutar lantarki fa? An sayar a 2013. Ga ka nan ga ta nan. Ka tambayi Auta ko da wutar layi zai juya injinshi.

Autan Alhaji: Baba janareta da sola muka sa a lissafi.

Baba Mai Ritaya: Ka ji.

Akanta: Ku duka kuna da gaskiya rabi-rabi. Wutar ma ba duka aka sayar ba. Kamfanonin rabawa, har da wanda ke kula da Kano da Katsina da Jigawa, kashi 60 aka sayar gwamnati ta riƙe 40, manyan layukan dakon wuta kuma suka zauna hannun gwamnati. Kuma abin da muke kira "na gwamnati" ba iri ɗaya ba ne. Akwai ma'aikata da ke jiran kasafin kuɗi, akwai hukuma da doka ta kafa mai ɗan tara kuɗin shiga kamar hukumar ruwa ko hukumar sufuri ta jiha, akwai kuma kamfani sak wanda gwamnati ce mai hannun jarin. NNPC misali ce. Bayan dokar man fetur ta 2021 rajista aka yi mata a CAC ta koma Ltd, irin takardar da su Auta za su karɓa.

Baba Mai Ritaya: Na yarda an yi ɓarna, da idona na gani. Ofishin da na yi aiki, motar hukuma ta kwana shekara biyu kan duwatsu saboda taya huɗu, har kaji suka riƙa ƙwai a ƙarƙashinta, alhali an sa hannu a takardar kuɗin tayun. Ba zan kare wannan ba. Amma ɗan Daura ka gaya mani, wane ɗan kasuwa ne zai gina dam kamar Ajiwa ko Zobe ko Sabke, ya ja bututu zuwa unguwar talakawa, ya jira shekara talatin kafin ya ga uwar kuɗinshi? Wane ne zai buɗe firamare a ƙauyen da iyaye ba su iya sayen alli? Ɗan kasuwa inda riba take yake zuwa, kuma ban ga laifinshi ba. Shinkafar da Auta zai casa ma, in ta rani ce, da ruwan dam ɗin gwamnati aka noma ta.

Ɗan Daura: Wannan kam na sallama, Baba. Dam da hanya da asibiti nasu ne. Amma su bar casar shinkafa.

Maman Biyu: Tsakanin gwamnatin da ba ta iso ba da ɗan kasuwar da ba zai zo ba, akwai masu cike gurbi, kuma naga ana neman mayar da su abin wasa a zauren nan. Ƙungiyar su Auta da ke gyaran burtsatse ita ce misali. Ku je ku ga cibiyoyin kula da yara masu tamowa da ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ke gudanarwa a jihar nan, uwa ta zo da yaro kamar tsumma ta koma da shi yana wasa, ba ta biya ko kwabo ba. Jami'ar Al-Qalam ma da aka buɗe a 2005 ba gwamnati ce ta kafa ta ba, kuma ba ta attajiri ɗaya ba ce, gidauniyar Musulunci ce ta al'umma. Tun kafin a san kalmar ƙungiyar sa kai muna da aikin gayya da waƙafi.

Ɗan Daura: Yaya ba a ƙi taki ba, amma wasu fa sana'a ce da hular sadaka. Mutum ya buɗe gidauniya, shi ne shugaba, matarshi ma'aji, ƙaninshi sakatare, a raba buhu ashirin a ɗauki hoto ɗari.

Maman Biyu: Akwai su. Irin su ne ke sa in ka je neman taimako na gaskiya a riƙa yi maka kallon ɓarawo. Shi ya sa shawarar abokin Auta ta ba ni haushi. Ranar da mutanen unguwa suka ji ana raba ribar inji da sunan ƙungiyarsu, wa zai sake ba da ɗari biyar ta gyaran famfo?

Barista: Saboda irin haka ne dokar 2020 ta ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya in an samu almundahana, sashe na 839. Kun tuna hayaniyar da shugabannin addini suka yi a kanshi lokacin. Kuma yanzu banki kan nemi takardar SCUML, wato sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin ƙungiya ta yi harka da asusunta. Ƙungiya na iya mallakar sana'a fa, ba haramun ba ne, kamar a gina shaguna a jikin masallaci kuɗin haya ya riƙa biyan wuta da ladan. Bambancin shi ne ribar can take komawa, ba aljihun kowa ba.

Shugaban Zaure: Jama'a an kira Magariba. A ci gaba bayan Isha, kuma don Allah a daina turo tallan data a tsakiyar magana.

Autan Alhaji: Salam. Ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba. Mun zauna jiya a zauren gidanmu, na karanta masu abin da aka rubuta a nan tun daga sama. An amince da kamfani. Wanda ya kawo shawarar ƙungiya ya ɗan yi fushi, ya ce an mayar da shi maras gaskiya a gaban mutane, sai da na rantse mashi ban ambaci sunanshi ba. Yanzu rigimar ta koma kan fili. Ni na ce kuɗinshi na yau za a ƙiyasta, su suka ce kuɗin da Alhaji ya saye shi. Shi kuma mai aikin inji ya ƙi albashi, ya ce kaso yake so kamar yadda Malam ya faɗa. Barista, ana iya ba mutum hannun jari ba da tsabar kuɗi ba?

Barista: Ana iyawa. Filinka ma ai ba tsabar kuɗi ba ne. Ku samo mai ƙiyasta kadara mai lasisi wanda ba ɗan'uwan kowa ba, abin da ya rubuta shi ke nan. Sai ka tabbatar filin an riga an raba gado ya faɗo a kasonka, da takarda, don kada wata rana 'yan'uwanka su taso. Na mai inji kuma kada ku ba shi duka rana ɗaya. Ku rubuta cewa kason zai riƙa shiga hannunshi shekara-shekara muddin yana aiki, in ba haka ba ya karɓa yau, baɗi ya koma Kano ku riƙa aika mashi riba. Ku kuma rubuta wa za a fara yi wa tayi in ɗaya zai sayar da nashi.

Malam na Zaure: Ku sa mashi ɗan abin cefane na wata ko da yana da kaso. Inji ba ya kawo riba a watan farko, shi kuma yana da iyali.

Autan Alhaji: In sha Allahu. Filin nawa ne, alƙali ne ya raba. Barista zan kira ka gobe bayan Azahar.

Hajiya Uwar Adashi: Auta, in an fara aiki dusar tawa ce, ina da tumaki tara a ɗaure. Kuma a rubuta.